Ɗaura Kyamara a Na'urar Hangen Nesa ta Jami'a: Abin da ke Aiki a Sararin Jos

In ɗalibai talatin suka yi layi a bayan na'urar hangen nesa guda ɗaya, kowa minti ɗaya ko biyu yake samu ya kafa ido a maleƙi, ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa. Kafin na ƙarshe ya iso an ci sa'a guda, sanyin Jos ya ratsa riguna, kuma abin da zai shiga littafi bai wuce "mun ga wata, mun ga Mushtari" ba. Kallo yana da daɗinsa, ban raina shi ba, amma ilmin falaki awo ne. Ido yana gani ya manta. Kyamara kuwa tana tara haske na daƙiƙa talatin ko fiye, ta mayar da shi lambobi, lambobin nan kuma su ne ɗalibi zai zauna da su washegari ya fitar da faɗin rami a wata ko nauyin Mushtari, duniyar da ake kira Jupiter, da lissafin hannunsa. Saboda haka malaman fizis da masu kula da ɗakin gwaji nake nufi da wannan rubutu, waɗanda ke da na'ura a sito amma ba su da kuɗin kyamarar falaki mai sanyaya kanta. Kyamarar da ake cire wa gilashi, irin ta masu ɗaukar hoton biki, wadda ake kira DSLR, ta isa, ko da tsohuwar hannu ce.

Haɗin kansa

Ana cire gilashin kyamara gaba ɗaya, a cire maleƙin na'ura, sai na'urar ta zama ita ce gilashin kyamarar. Ƙarfe biyu ke haɗa su. Na farko zoben T, wanda ke shiga bakin kyamara, kuma kowane kamfani da nasa: na Canon ba ya shiga Nikon. Na biyu ɗan bututu ne mai zare da ake ɗaura wa zoben, ɗaya bakinsa kuma ya shiga gurbin maleƙi, ko mai faɗin inci 1.25 ko mai inci 2. In gurbin na'urarku yana karɓar inci 2, shi za a saya, domin ƙaramin yana tare haske a kusurwoyin hoto su yi duhu. Zaren T faɗinsa milimita 42 ne, tazarar zarensa 0.75. Akwai wani zare na tsofaffin gilasan kyamara mai faɗi 42 shi ma, amma tazararsa milimita 1. A ido kamar ɗaya suke. Yakan shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in aka matsa masa zaren ya lalace. Duk abin da ya ƙi shiga da yatsu biyu, a dakata a duba.

Na'ura samfurin Newton, mai maleƙi a gefen bututu, tana da wata matsala da ke sa mutane su zaci kyamara ce ta lalace: ana juya abin saiti har ƙurewa ciki amma tauraro bai tsaya ɗigo ba. Dalili shi ne farantin da ke karɓar haske a kyamara yana nesa da bakin zoben T da milimita 55, kuma yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don ido, ba su da sauran wurin matsawa ciki. Gilashin Barlow mai ninki biyu yana tura fokas waje ya warware wannan, sai dai fili ya ragu da rabi, hoto kuma ya dushe sau huɗu. Samfurin Schmidt-Cassegrain, gajeren bututun nan mai gilashi a gaba, ba shi da wannan damuwa, don madubinsa ne ke motsi.

Kafin a fita waje a yi lissafin fili, da ɗaliban za a yi shi a allo. Mu ɗauki Schmidt-Cassegrain mai baki inci 8, wato milimita 203, tsawon fokas milimita 2032. Farantin ƙananan kyamarorin Canon milimita 22.3 ne a tsawo, 14.9 a faɗi. A raba girman faranti da tsawon fokas, a ninka da 57.3, a samu digiri: 0.63 a tsawo, 0.42 a faɗi. Cikakken wata kuwa kusan rabin digiri ne, ke nan ba zai shiga hoto ɗaya ba, sama da ƙasansa za su yanke. Maganinsa gilashin rage fokas na 6.3 da ake ɗaurawa a bayan na'ura. Yana dawo da tsawon fokas kusan milimita 1280, wata ya shiga har da sarari, hoto ya ƙara haske sau biyu da rabi, kuma yana toshe bayan bututu ƙura ba ta shiga. A Jos wannan amfani na ƙarshe kaɗai ya isa a saye shi.

Lamba ta biyu ita ce yawan sararin da kowane fiksel, wato ɗigo ɗaya na farantin kyamara, ke ɗauka. A ninka girman fiksel a maikiron da 206.265, a raba da tsawon fokas a milimita. Fiksel mai maikiron 4.3 a kan 2032 yana ba da daƙiƙar kusurwa 0.44, daƙiƙar kusurwa kuwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri. Sama tana juyawa daƙiƙar kusurwa 15 a kowace daƙiƙar agogo, don haka in motar na'ura, wato injin da ke juya ta tana bin sama, ta tsaya, tauraro yana tsallake fiksel sama da talatin kafin a ce kwabo. Ɗalibin da ya fitar da wannan da kansa ba sai an yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa hoto ke jan layi ba.

Mazauni da matsayin Jos a doron ƙasa

Nan ne littattafan da ke zuwa cikin kwalin na'ura ke barin mutum a hanya, domin an rubuta su ne don masu zama a Turai da Amurka. Jos tana digiri 9 da minti 55 arewa da tsakiyar duniya, digiri 8 da minti 53 gabas, tsayinta daga teku ya haura mita 1,200. Wannan matsayi alheri ne babba: muna ganin kusan dukan sararin arewa, muna gangarawa kudu har kusan digiri 80. Gajimaren Orion yana wucewa kusan digiri 75 a sama. Dunƙulen taurarin Omega Centauri, wanda mutumin Ingila ba ya gani sam, yana tashi mana sama da digiri 30. Amma tauraron arewa, wanda da shi ake saita mazauni, wato gindin da ke ɗauke da na'ura yana juya ta, digiri 10 kawai yake sama da ƙasa. Dutse, bene, itacen turare ko hazo, ɗaya daga ciki zai ɓoye shi.

Mazaunin da ke bin juyawar sama da ƙarfe ɗaya dole sandarsa ta kwanta a digiri 10 ɗin nan tana duban arewa. In aka kwantar da ita haka, a yawancin samfura ƙarfen nauyi yana dukan ƙafar da ke gabansa. Ko dai a kwance kan mazaunin a juya shi yadda nauyin zai sauka tsakanin ƙafa biyu, ko a sa ɗan tsani na ƙarfe a ɗaga kan. Wanda ya zaɓi na farko ya rataya nauyi a tsakiyar ƙafafun, don na'ura takan so kifewa gaba. Jami'ar da ke da wuri tsayayye ta gina ginshiƙin siminti kawai ta huta.

Samun arewa ta gaskiya ba sai da tauraro ba. Agogon Najeriya an ɗaura shi ne a kan digiri 15 gabas, Jos kuwa tana yamma da nan da kusan digiri 6, don haka rana ba ta raba tsakiya sai wajen 12:24, ana samun sauyi na 'yan mintuna bisa lokacin shekara. A ƙarshen Disamba daidai 12:24 ɗin ne, inuwar sanda mai mita ɗaya kuma takan kai kusan santimita 65, tana nuna arewa tsaf. A rataya zare mai nauyi, a zana layin inuwarsa a siminti da fenti, an gama aikin shekaru. A Afrilu da Agusta wannan ba ya yiwuwa, rana tana bisa kai, inuwa ta ɓace.

Da dare sai a gyara sauran kuskuren ta hanyar lura da zamewar tauraro. A zaɓi tauraro da ke tsakiyar sama, kusa da layin da ya raba gabas da yamma, a ƙara girman hoton a allon kyamara, a bar mota tana aiki, a lura minti biyar. In ya zame kudu, sandar ta yi gabas da yawa. In ya zame arewa, ta yi yamma. Sannan a koma ga tauraro a gabas, kamar digiri 20 sama da ƙasa: in ya zame kudu, sandar ta kwanta da yawa, a ɗaga, in arewa, a sauke. In an rikice kan ina ne arewa a allo, a gyara ta gefe ɗaya, in zamewar ta ƙaru a koma ɗaya gefen. Rabin sa'a yake ci, kuma ba a tsallake shi in ana son ɗauka mai tsawo.

Na'urori da yawa na makarantu suna zuwa ne da mazauni mai juyawa sama da ƙasa, dama da hagu, da kwamfuta mai nemo tauraro. Wannan ba ya bukatar tauraron arewa, amma fili yana juyawa a hankali cikin hoto, taurarin gefe su zama 'yan bakuna. Juyawar ta fi tsanani ga mazauna kusa da tsakiyar duniya irinmu, ta fi muni in an dubi arewa, kudu ko tsakar ka, tana kuma kusan ɓacewa in an dubi gabas ko yamma sosai. Don haka a ɗauki abu yana hawowa daga gabas, kada kowace ɗauka ta wuce daƙiƙa 20 zuwa 30. A kuma gwada tun da rana ko kyamara tana wucewa tsakanin hannayen mazauni in bututu ya dubi sama. In ba ta wucewa, a sa iyakar hawa a na'urar hannu mai sarrafa mazauni, in ba haka ba mota za ta danna kyamara a gindin mazauni cikin duhu.

Kyamara da zobenta sun haura rabin kilo, dole a sake daidaita nauyi bayan an ɗaura ta. Maganar wuta kuma, kada a dogara da ta gari ko janareta. Ɗaukewar daƙiƙa ɗaya tana goge saitin kwamfutar mazauni, janareta kuma girgizarsa tana bin ƙasa har cikin hoto. Batir mai bolt 12, ko ƙarami mai 7Ah, yana ɗaukar dare guda in mota kaɗai zai ja. In ya fara rauni, alamar ita ce mota ta riƙa kuskuren nemo tauraro ko allon na'urar hannu ya riƙa ƙyaftawa. A tabbatar da wayar da ke ɗauke da wuta mai kyau ita ce ta tsakiyar filogi, domin juya ta yana ƙona allon mota. Kuskure biyu ne suka fi sa na'ura ta dubi ƙasa maimakon sama: shigar da kwanan wata da rana a gaba alhali yawancinsu wata suke so a fara da shi, da kuma sa yamma a maimakon gabas. Lokacinmu sa'a ɗaya ne gaba da na Greenwich, ba ma sauya agogo da bazara.

Fokas da saitin kyamara

A fitar da na'ura waje minti 45 zuwa sa'a guda kafin a fara. Bututun da ya yini a ɗaki mai ɗumi yana da iska mai motsi a cikinsa, tauraro ya riƙa rawa kamar ana kallonsa ta saman murhu. Ana saita fokas a kan tauraro mai haske, ba a kan wata ba, da hoton allo an ƙara shi sau goma. Abin da ya fi sauƙi shi ne faifan Bahtinov, kwali ko roba mai tsage-tsage da ake ɗorawa a bakin na'ura. Yana mayar da tauraro layi uku, biyu sun gicciye, ɗaya ya ratsa su. In na tsakiya ya zauna daidai tsaka, fokas ya yi. Ɗalibai za su iya yanka shi da reza. A Schmidt-Cassegrain a ƙare juyawa ta saɓanin tafiyar agogo, don ta haka ake tura madubi sama ya zauna daram. Sanyin dare yana tsuke bututu, saboda haka a sake duba fokas duk sa'a. In an kauce wa fokas kaɗan tauraro ya zama zobe, baƙin ɗigon ciki ya kamata ya zauna tsakiya; in ya karkace, kusoshi uku na ƙaramin madubin gaba ne ke son gyara, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda.

Kyamara a sa ta a M, wato saiti da hannu, hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wannan ba zaɓi ba ne. JPEG matakan haske 256 kawai yake riƙewa, kuma kyamara ta riga ta lanƙwasa su don su yi kyau a ido, tauraro mai haske ninki biyu ba zai ba da lamba ninki biyu ba. RAW yana riƙe matakai 4,096 ko 16,384, lambarsa kuma tana tafiya daidai da hasken da ya faɗo. A kashe rage hayaniya ta doguwar ɗauka, wadda ke cinye rabin dare, a kashe juya hoto da kansa. Kada hannu ya taɓa kyamara: a yi amfani da wayar latsawa ko kwamfuta, a kunna kulle madubi, a bar daƙiƙa biyu girgiza ta mutu. Agogon kyamara a saita shi daidai har daƙiƙa, a rubuta a littafi ko lokacin gida ne ko na Greenwich.

Hotunan gyara iri uku ne, kuma su ke raba hoton kallo da hoton awo. Hoton duhu ana ɗaukarsa da murfi a rufe, tsawon ɗauka ɗaya, ISO ɗaya (saitin ƙarfin amsa haske na kyamara), zafi ɗaya da na ainihin hoton, guda 15 zuwa 20. Farantin kyamara yana haifar da ɗigo na ƙarya saboda zafi, yawansu yana ninkawa kusan duk ƙarin digiri 6, shi ya sa hoton duhun da aka ɗauka a ofis da rana ba ya gyara na daren Disamba. A nan sanyin Jos ya ba mu abin da Abuja ba ta da shi. Na biyu hoton fili ɗaya ne, wato mai haske bai ɗaya ko'ina: ana shimfiɗa farin ƙyalle a bakin na'ura, a dubi sama bayan faɗuwar rana ko da asuba, a ɗauki 20 zuwa 30, tudun jadawalin haske da kyamara ke nunawa a allonta ya tsaya tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi. Shi ke cire duhun kusurwa da zoben ƙurar da ta zauna a faranti. Sharaɗinsa kada a taɓa fokas, kada a juya kyamara ko kaɗan tsakaninsa da ainihin hotuna. In an juya, zoben ƙurar ba zai fita ba, sai ma ya zama biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi. Na uku ɗauka ce mafi gajarta da kyamara ke iyawa, murfi a rufe, guda 30 ko fiye. Manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne, su ke haɗa su. Tsabtar hoto tana ƙaruwa da tushen adadin hotuna: 16 sun fi ɗaya sau huɗu, 64 sau takwas. Kowane RAW yana cin megabait 20 zuwa 30, a tanadi wuri.

Me za a auna?

A ganina kuskure ne a fara da gajimaren taurari masu launi. Su ne suka fi wahala, kuma tacen da ke gaban farantin kyamarar kasuwa yana tare mafi yawan jan hasken haidurojin na nanomita 656, sai ɗalibi ya kwatanta hotonsa da na intanet gwiwarsa ta yi sanyi. A fara da wata, tsakanin dare na 6 da na 10 bayan tsayuwarsa, lokacin da inuwa ke da tsawo a bakin layin da ya raba haske da duhu. A ISO 100 ba tare da gilashin ragewa ba, cikakken wata yana son kusan 1/125, rabin wata wajen 1/60, jinjiri ya fi haka tsawo. Faɗin wata kilomita 3,474 ne. A ƙirga fiksel nawa ya ɗauka, a raba, a samu kilomita nawa ke cikin kowane fiksel, kusan 0.8 a misalinmu. Ramin Copernicus mai kilomita 93 zai fito fiksel ɗari da 'yan kai. Ramukan da ke gefen wata kuwa sukan fito a matse, don haka a auna su ta doguwar fuskarsu.

Aikin da ya fi cancanta a ba shi makonni shi ne na Mushtari, wanda Turawa ke kira Jupiter, da watanninsa huɗu da Galileo ya gani a Janairun 1610. Io yana zagaye cikin kwana 1.77, Europa 3.55, Ganymede 7.15, Callisto 16.69. Duniya tana shiga tsakanin rana da Mushtari kusan duk wata 13. Ya faru a Janairun 2026, zai sake a Fabrairun 2027, wato a 'yan shekarun nan lokacinsa yana faɗawa cikin rani, kuma haskensa yana keta hazo. Kowane dare hoto biyu ake bukata. Ɗaya gajere, kamar 1/100, don faifan Mushtari ya fito da iyakarsa. Ɗaya na kusan rabin daƙiƙa zuwa ɗaya a ISO 800 don watannin su bayyana. Wanda ya auna faɗin Mushtari a dogon hoton zai samu lamba mai kumbura, saboda haske ya malala ya wuce iyaka, kuma duk lissafinsa zai gurɓace daga nan.

A auna tazarar kowane wata daga tsakiyar Mushtari da fiksel, gabas a ba ta alamar tarawa, yamma alamar ɗebewa, a raba da faɗin faifan, a ninka da kilomita 142,984. Manhajar Stellarium za ta nuna wane ne wane. In aka jera lambobin Ganymede na dare 14 zuwa 16 a jadawali, za su zana igiya mai hawa da sauka. Tsayin tudunta shi ne nisan zagaye, wanda ya kamata ya kusanci kilomita 1,070,000, tazarar tudu da tudu kuma ita ce tsawon zagaye. Daren da hadari ko hazo ya hana ba ya ɓata aikin. Daga nan dokar Kepler ta uku: a ninka nisan da kansa sau uku a mita, a ninka da 39.48, a raba da G, lambar ƙarfin jan nauyi, mai 6.674×10⁻¹¹, a sake rabawa da tsawon zagaye a daƙiƙa an ninka shi da kansa. Amsar ita ce kusan kilo 1.9×10²⁷. Darasin da ke ɓoye ciki shi ne kuskuren kashi 3 cikin ɗari a nisa yana zama kusan kashi 9 a nauyi. Rukuni biyar da suka yi aiki da hotuna iri ɗaya za su kawo amsa biyar, kuma zaman gano dalilin bambancin ya fi lakca guda amfani.

Hazon hunturu, wanda kowa ke ɗauka abokin gaba, shi ma abin awo ne. Hasken tauraro yana ratsa iska kauri ɗaya in yana tsakar ka, 1.15 a digiri 60, 1.41 a digiri 45, ninki biyu a digiri 30. A zaɓi tauraro marar sauyi mai darajar haske 7 ko 8 (a wannan ma'auni lamba tana ƙaruwa ne in haske ya ragu), a bi shi daga digiri 70 har 30, aikin kusan sa'a uku, ana ɗauka duk minti 15 ba tare da sauya saiti ba. Rabin fiksel ɗin kyamara kore ne, kwata ja, kwata shuɗi, don haka a kauce wa fokas kaɗan tauraro ya bazu a kan fiksel takwas zuwa goma, a yi awo da koren kawai, wanda ya fi kusa da ma'aunin da masana ke amfani da shi. Kada lambar tsakiyar tauraro ta wuce kashi biyu cikin uku na iyakar faranti, domin fiksel ɗin da ya cika ya daina ƙirga. Kowace ɗauka ta kai daƙiƙa 10 don ƙyaftawar tauraro ta daidaita. Manhajar AstroImageJ tana tara hasken cikin da'ira ta cire na sararin gefe. A ɗauki logaridim ɗin adadin a ninka da −2.5, a jera a kan kaurin iska, gangaren layin shi ne yawan hasken da sama ke ci. In aka maimaita a ƙarshen Oktoba bayan ruwa ya wanke sama, aka sake a tsakiyar Janairu, sashen zai mallaki lambobi game da ƙurar Sahara a kan Jos waɗanda babu littafin waje da zai ba shi.

Wasu abubuwa na'urar ta yi musu girma. Kaza da 'ya'yanta sun fi filinta faɗi, tauraron Algol kuma, da ke dushewa daga 2.1 zuwa 3.4 duk kwana 2.87, ya fi ƙarfin farantinta. Waɗannan gilashin kyamara na milimita 50 zuwa 200 a kan ƙafa uku ya wadatar.

Rana kuwa ba a kusantarta sai da tace na musamman da ke rufe bakin na'ura gaba ɗaya, mai barin kashi ɗaya cikin 100,000 na haske, an ɗaure shi da tef yadda iska ko hannun ɗalibi ba zai cire ba. A ɗaga shi a duba huda kafin kowane amfani, a cire ƙaramin madubin nema ko a rufe shi. Baƙin gilashin walda, fim ɗin hoton ƙashi, ko tacen da ake ɗaurawa a maleƙi, duk suna makantarwa, kuma ƙwayar ido ba ta jin zafi lokacin da take ƙonewa. In an kiyaye, baƙin ɗigon da ke fuskar rana yana matsawa kusan digiri 13 a yini, mako guda ya isa a fitar da juyawarta ta kusan kwana 27. Wannan gargaɗi ya shafi neman jinjirin wata ma, wanda ɗalibai sukan fi ɗoki a kansa gab da azumi da sallah: ba a karkata na'ura yamma sai faifan rana ya nutse gaba ɗaya. Hoton jinjiri da lissafin tazararsa daga rana horo ne mai kyau, sanarwar tsayuwar wata kuwa ta Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa.

Tsarin aji: rukunin mutum huɗu ko biyar, ɗaya a mazauni, ɗaya a kwamfuta, ɗaya da littafi yana rubuta lokaci, ISO, tsawon ɗauka, lambar hoto da yanayin sama, a riƙa musanya. Tocila a naɗe ta da jar leda, wayoyi a aljihu, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Minti goma sha biyar na farko a bar maleƙi a jiki kowa ya ga zoben Zuhal, wato Saturn, ko duwatsun wata da idonsa, sannan a ɗaura kyamara.

Ƙura da laima su ke kashe kayan nan a Jos, kowanne da lokacinsa. Da hunturu a ɗaura kyamara a cire ta a cikin ɗaki, a kashe, bakinta yana duban ƙasa. Ƙurar da ta kwanta a gilashin gaba a hure ta da robar hura iska. Goge ta da ƙyalle tamkar goga yashi ne, garin neman gira a rasa ido, alhali 'yar ƙura ba ta rage komai a hoto. Da damina da farkon kaka raɓa ce ke sauka a gilashin, taurari su dushe a hankali kamar hadari ya taso. Bututun kwali ko katifar roba mai tsawon ninki ɗaya da rabi na faɗin bakin na'ura, an naɗa shi a gaba, yana jinkirta ta sa'o'i. In gilashi ya jiƙe, kada a rufe shi da murfi. A shigar da na'ura ɗaki a kwantar da bututun, a bar shi ya bushe da kansa har safe, sannan a mayar akwati tare da ƙunshin silika mai shan laima. Silikar a gasa ta a tanda duk wata biyu daga Mayu zuwa Oktoba, batirin kyamara kuma a cire shi a ajiye daban.